Daga Doma zuwa zauren JAMB: Kwamfutar da aka ɗaure wa hannu

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Doma, kamar takwarorinsa, tilas ya zauna gaban na'urar da aka hana yin komai sai aiki ɗaya.

Da an kunna ta, shafin jarrabawa ne ke cika fuskarta. Babu hanyar leƙa Google, balle buɗe wata manhaja. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, suna zuwa daga babbar kwamfutar cibiyar. Ko linzami ba dole ba ne: A zuwa D na zaɓar amsa, N gaba, P baya, wanda sauƙi ne ga yaron da bai saba da na'ura ba.

Sai dai kullen na tsare jarrabawa ne daga ɗalibi, ba ya tsare ɗalibi daga sakacin masu saiti. A Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa bayan tangarɗar manhaja ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawar.