Me Ya Sa Motar Gas Ke Komawa Fetur Da Kanta?

Motar da aka sa wa gas ɗin LPG da fetur take tashi. Sai na'urar reducer ta yi ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 40, sannan ta koma gas. Ruwan lagireto ne ke ɗumama na'urar. Idan ya yi ƙasa, sai ta daskare, mota ta riƙa fizga ko ta koma fetur.

In ruwan bai ragu ba, sai a duba filtar gas da fulogi. Na'urar ELM327 da manhajar Torque na nuna matsalar injin a waya: lambar P0300 na nufin silinda ba sa kama wuta daidai.

Idan aka ji warin gas kuwa, a kashe injin, a rufe bawul ɗin tanki, a nisanta wuta, a kira makaniken gas.