Keken da Bai Hau Jirgi Ba

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Indabo a ƙaramar hukumar Wudil, manoma da 'yan kasuwa, da masu sammako ran Juma'a su nufi kasuwar Wudil da kaya ɗaure a bayan keke. Shirin yau naku ne, domin maganar keke za mu yi. Sai dai wannan keken ba shi da birki.

Ƙwarai kuwa, ba shi da birki. Kacarsa kuma a ɗaure take da tayar baya, muddin taya na juyawa dole ƙafa ta juya, babu sakin feda a huta irin na mai gangarowa daga gadar Wudil. A cikin ɗaki ake tserensa, a kan wani fili na katako mai siffar akushi, zagayensa mita 250. A wajen kwana katakon yakan miƙe kamar bango, wanda ya rage gudu a nan sai ya zamo ƙasa.

To, a watan Agustan 2024 wata 'yar Najeriya, Ese Ukpeseraye, 'yar asalin jihar Delta, ta hau irin wannan fili a gasar Olamfik ta birnin Faris. Ita ce ta farko da ta wakilci ƙasar nan a tseren keke a Olamfik. Tseren kan titi ya kai ta, da keken titi ta hau jirgi. Ana dab da gasa sai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ba Najeriya gurbi a tseren cikin ɗaki, bayan wata ƙasa ta rasa nata. Ga gurbi, ga 'yar wasa, babu keke.

Ku dakata a nan, jama'a, domin nan ne labarin ya tsaya mini a rai. Yarinya ta kai matakin da kowane ɗan wasa ke mafarki, tana sanye da kore da fari, ta shiga wurin da kowace tawaga ta jera kekunanta da makanikanta, ita kuwa hannunta biyu. Jamusawa ne suka ara mata keke. Ita da kanta ta fito ta yi musu godiya, kuma sun cancanci godiyar, don kara ce suka yi wa abokiyar hamayya. Ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya yi bayanin cewa gurbin ya zo a ƙurarren lokaci, irin keken da aka amince a hau a gasar kuma sai an jira watanni kafin ya iso. Bayanin yana da kama da gaskiya. Amma ni dai har yau zuciyata ba ta daina sosuwa ba.

Ranar 7 ga Agusta ta shiga tseren da ake kira keirin, wanda Japanawa suka ƙirƙira a 1948. 'Yan tsere kan bi bayan wani ɗan babur zagaye uku, yana ƙara wuta a hankali har kilomita 50 a awa, sai ya kauce, a barje gumi a sauran zagaye ukun. Ba ta tsallake zuwa gaba ba. Kwana biyu bayan haka, a wannan fili, Bajamushiya Lea Friedrich ta cinye mita 200 cikin daƙiƙa 10.029, wato gudun da ya haura kilomita 70 a awa. Da irin waɗannan aka haɗa Ese, a kan keken aro.

Na san mutumin Indabo zai fahimci wannan fiye da kowa. Ka ari keken maƙwabci ka gani: sirdi ya yi maka tsawo, kan keken ya yi maka nisa, kafin ka kai gona gwiwa ta fara magana. To ina ga wanda aka auna masa keke daidai tsawon ƙafarsa da hannunsa, ya shekara yana atisaye a kai? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ko da keken yana hannu, kai shi filin gasa wani aiki ne. Sai an kwance tayoyi, an cire feda, an karya kai, an rage iska, an naɗe jikinsa da soso, sannan a sa a babban akwati. Keken kansa bai wuce kilo bakwai zuwa takwas ba, amma akwatin ya fi ƙarfin layin kayan fasinja, ta wata ƙofa daban ake karɓarsa, sau da yawa da ƙarin kuɗi. Idan tafiyar ta haɗa da sauya jirgi, mutum kan iya sauka keke ya kwana a wani gari. Ɗan gudun ƙafa zai rataya takalminsa a wuya ya shiga jirgi. Ɗan tseren keke kuwa rabin jikinsa yana can cikin ɗakin kaya, ba ya ganinsa sai an sauka, in an yi sa'a.

Mu kuma a ƙasar nan ba baƙin wahalar jirgi ba ne. Masu bin ƙwallo za su tuna 2016, lokacin da tawagar Najeriya ta Olamfik ƙarƙashin koci Samson Siasia ta maƙale a birnin Atlanta na Amurka, ba ta sauka a Manaus na Brazil ba sai ranar wasa, saura 'yan awoyi a take leda da Japan. Suka ci 5 da 4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. Mun yi murna, mun yi ta ba da labari. Amma ƙwallo tana jiran ka a fili. Keke ba ya jira, sai ka zo da abinka.

Mai kula da na'ura yana yi mini nuni da agogo, don haka bari in gaggauta. Filin tseren keke irin wannan muna da shi a Abuja, a cikin babban filin wasa na Moshood Abiola, an gina shi don wasannin Afirka na 2003, kuma a 2022 ya karɓi gasar nahiyar. Yaron Indabo da ke tsere da abokansa a kan hanyar gona, idan Allah ya kai shi, can zai fara. Daga nan sai filin jirgin Malam Aminu Kano, inda hazon hunturu kan zaunar da jirgi wuni guda, sai akwati, sai awo, sai jira. Mako mai zuwa za mu leƙa rumfar masu gyaran keke a Wudil, mu ji ta bakinsu.