Kafin Ka Ɗaura Wa A-kori-kura Babban Birki

Tun da aka fara yawo da hotunan nan a waya, na motocin Hilux da aka sa wa manyan farantan birki masu huji-huji, da kalifa da aka shafe da jan fenti tana leƙowa ta tsakanin rim, musu bai ƙare ba a tashoshin 'yan a-kori-kura. Wasu sun rantse cewa in ka ciro birkin Prado ka ɗaura wa motarka, ko buhu talatin ka jibga mata, taka ɗaya za ta ƙame. Wasu kuma suna cewa zubar da kuɗi ne kawai. Kowane ɓangare akwai abin da ya hango, amma 'yan ɓangaren farko sun fi ba ni tsoro, don da su za mu haɗu a kan titi.

Kwanakin baya na zauna a wani gareji ina jiran a duba mini mota, sai ga wani mai ɗaukar hatsi ya shigo da tsohuwar Hilux, ya sauke kwali a gaban bakanike. Faranti ne masu huji, ya sayo da tsada. Bakaniken, dattijo ne mai furfura, bai ko buɗe kwalin ba. Ya buɗe bonet, ya tsoma tsinke a kwalbar man birki ya ɗago. Man da ya kamata ya zama garai-garai ya koma kamar shayin da ya kwana a buta. Ya kwance taya, ya zaro fatar birki ya nuna wa mai motar a rana: tana ƙyalli kamar gilashi, gefenta ya tsattsage.

"Alhaji, buhu nawa kake ɗora mata?"

"Ba ya wuce ashirin da biyar."

"To birkinka bai yi ƙanƙanta ba, Alhaji. Dafa shi kake yi."

Wannan kalma ta dafawa ita ce gaskiyar lamarin, kuma a nan ne mafi yawan masu musun suke ɓata hanya. Birki ba ƙugiya ba ce da ke cafke mota. Aikinsa shi ne ya karɓi duk ƙarfin gudun da motar ta tara ya mayar da shi zafi, ta hanyar goga fata a jikin ƙarfe, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi in ka murza shi a sanyin hunturu. Hilux ba kaya tana kusan tan biyu, kuma kamfanin ya yi ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Idan mota mai tan uku tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cak, zafin da ke fitowa ya isa ya tafasa ruwa kusan lita huɗu. Ka tuna tsawon lokacin da uwargida ke ɗauka kafin ta tafasa wannan ruwa a kan gawayi. Birki a cikin 'yan daƙiƙu yake haɗiye wannan wuta.

Kaya yana ƙara zafin daidai da nauyinsa, amma gudu ya fi mugunta: in ka ninka gudu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Alhajin nan mai buhu 25, in yana zuba 120 maimakon 100, abin da yake ɗora wa birkinsa ya haura ninki biyu na wancan lissafi. Gangara kuwa ba a magana. Duk saukar mita 100 daga tudu, mota mai tan uku tana ba birkinta aikin da ya kai tsayawar gaggawa biyu da rabi, kuma babu hutu a tsakani. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos ya nufi Akwanga a bayan motar dankali ya san warin nan na ƙauri. Fatar birki ce ke toyewa.

Idan fata ta yi zafi fiye da kima, santsi take yi, ka taka da ƙarfi feda na nan da tauri amma mota na tafiya abinta. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi muni, kuma shi ne abin da ake rubutawa a labarai da sunan "birki ya tsinke". Man birki yana shan danshin iska a hankali, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma in ya tsufa ya sha ruwa kaɗan, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari, na farkon yana iya tafasa a 140, na biyun a 155. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka zuwa taya. Tururi kuwa matsuwa yake yi kamar soso. Sai feda ta nutse har ƙasa. Bayan an taru ana salati, man ya huce, wani ya shiga ya taka ya ji birki lafiya lau, sai a fara zancen iskokin hanya. Masu zuba ruwa da omo a madadin man birki in ya ƙare musu a daji kuwa, su tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Yanzu mu koma ga babban faranti. Yana da amfani, ba na musu. Babbar tukunya ta fi ƙarama jure wuta kafin ta ƙone, haka ma faranti mai kauri da faɗi ya fi ɗaukar zafi da saurin hucewa. Wanda ke jan tirela a baya ko yake zirga-zirga a hanyar tsaunuka kullum zai ga ranarsa. Abin da ba zai yi ba shi ne rage nisan tsayawa a taka ɗaya. Birkin da motar ta zo da shi, in yana da lafiya, ya riga ya isa ya kulle taya. Daga nan sauran aiki na taya ne da kwalta. Ƙato mai ƙarfin damtse da ya sa silifas ɗin roba a kan jiƙaƙƙen tayil ba zai tsaya da kyau fiye da yaro ba. Duk motar, da kayanta da mutanen da ke zaune a kan kayan, a kan wurare huɗu take tsaye, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. Ka sa birkin miliyan a kan taya 'yar Kwatano da ta sule, ka sayi ja da ƙasa ne mai tsada.

Huji-hujin nan kuma ado ne ya fi yawa. A motar kaya da ke bin hanyar burji, jar ƙasa da taɓo ne ke cika ramukan, kuma daga bakinsu tsagewa ke farawa. Kalifar babbar mota ita ma ba a ɗaura ta da ka. In fistin ɗinta sun fi na asali girma, man da masta ke turawa ba zai cika su da wuri ba, sai feda ta yi zurfi, gaba ya riƙa kamawa fiye da baya. Sau da yawa ma rim ɗin asali ba ya shiga a kanta, sai an canza, a ƙare da sa manyan tayoyi, alhali babbar taya rage wa birki ƙarfi take yi, kamar mai ƙoƙarin tsayar da doguwar muciya ta wajen gindi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai wani ɗan abu da dattijon nan ya kwanta ƙarƙashin motar ya nuna mana, wanda ban taɓa jin an ambata a musun tasha ba. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da gadar taya. In an yi lodi mota ta zauna, ƙarfen yana motsawa, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya ya rage, don kada baya ya kulle mota ta juya. To mu kuma abu na farko da muke yi wa a-kori-kura shi ne ƙara mata ganyen sifirin don kada ta durƙusa. Ta daina zama, bawul ya ɗauka fanko take, ya hana baya aiki, aka bar tayoyin gaba biyu da dakon tan huɗu da rabi. A motar Alhaji ma ƙarfen ya karye tuni, wani ya ɗaure shi da waya.

Da aka gama lissafi, abin da motar ke buƙata bai kai rabin kuɗin kwalin ba: a zubar da tsohon mai a sa sabon DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska, a sa fata ta ƙwarai mai jure zafi, a canza tiyon roba da ya kumbura, a gyara takalman gangar baya da bawul ɗin nan. Man kuma a riƙa canza shi kamar duk shekara biyu, ba sai ya ƙare ba. Wanda ya ga DOT 5 a kanti kada lambar ta ruɗe shi, wani irin mai ne daban da ba ya gauraya da sauran.

Sai kuma halin direba, wanda babu kayan gyaran da ke maganinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sakin mota a firi a gangara ya ƙara yawa, wasu har kashe inji suke yi. In ka bar ta a giya ta biyu ko ta uku, inji ne ke riƙe kaso mai yawa na nauyin. In ka kashe shi kuwa, abin da ke taimaka wa ƙafarka wajen taka birki ya mutu bayan taka biyu ko uku.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, ga jami'an duba lafiyar motoci a kowace jiha. Ina ganin ana tsayar da a-kori-kura a tambayi takardu da abin kashe gobara, gindinta na kusan shafar ƙasa, mutum shida a saman buhuna. Ban taɓa ganin an buɗe kwalbar man birki ba, kuma wannan ba ya cin minti ɗaya.

Mai a-kori-kura, kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka neman jar kalifa, ka duba lambobi huɗun nan da ke gefen tayarka, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sannan ka ƙirga buhunan da ke bayanka.