Jan Biron Malamin Lissafi Ba Ado Ba Ne

Ranar da malamin lissafi ya dawo da littattafan aikin gida, abin da ke biyo baya sananne ne. Ɗalibi ya buɗe, ya dubi makin da ke saman shafi, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe ya cusa a jaka. Daga sakandaren Pantami da Bolari da Jekadafari har zuwa azuzuwan Jami'ar Jihar Gombe, halin kusan ɗaya ne. Layin da malam ya kewaye da jan biro, wanda shi ne ya ci masa lokaci, ba mai waiwayarsa.

Ba yaranmu kaɗai ke da wannan hali ba. A shekarar 1988 wata mai bincike a Isra'ila, Ruth Butler, ta raba ɗalibai gida uku: wasu aka ba su maki zalla, wasu bayanin gyara zalla, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka samu bayani zalla su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa ba su fi 'yan maki zalla ba, don da zarar ido ya ga maki, bayanin ya zama tarihi.

A lissafi asarar ta fi yawa, saboda darasi ne da ake ɗora wani kan wani. Ɗauki yaron da ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ya tara na sama, ya tara na ƙasa, hankalinsa kwance. Amsar 5/6 ce. Abin mamaki, da za a kai shi kasuwar Tudun Hatsi a ce ya haɗa rabin mudu da sulusin mudu, ba zai taɓa yarda abin da ya tara ya kasa rabin mudu ba, alhali 2/5 bai kai rabi ba. Idan wannan kuskure ya wuce ba a kama shi a ƙaramar sakandare ba, zai sake ɓullowa a aljabara, ya bi yaron har ɗakin jarrabawar WAEC, inda rashin kiredit a lissafi ke tare wa mutane ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a.

To, me za a yi da littafin da malam ya dawo da shi? Da farko a nemo ainihin layin da hanya ta karkace, a tambayi kai dalili. Wani kuskuren na rashin fahimta ne, irin na wanda ya ɗauka (a + b)² daidai yake da a² + b². Wannan sai an koma tushen darasin, yawan atisaye ba zai warkar da shi ba, sai ma ya ƙara dasa shi. Wani na gaggawa ne, alamar ragi ta faɗi a hanya. Wani kuma tambayar ce ba a karanta da kyau ba: an ce a bar amsa a gurbi biyu bayan ɗigo, ko a sa santimita, aka manta. Mai haɗa su duka ya ce "ni ba ni da kan lissafi" ya yanke wa kansa hukunci ba tare da bincike ba.

Akwai abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba game da yadda ake makin takardar lissafi ta WAEC. Ana raba makin ne: akwai na hanya, mai alamar M, akwai na daidaiton amsa, mai alamar A, kuma na biyun ya dogara da na farkon. Wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe yana tsira da wani abu. Wanda ya ɗora amsa tsirara ba aiki yana iya tashi a tutar babu. Saboda haka idan malam ya rubuta maka "ina aikinka?", ba neman fitina yake ba.

Sai batun gyara, inda a ganina aka fi yaudarar kai. Malam ya warware tambayar a allo, aji ya kwafe tsaf, a sa hannu, a wuce. Wannan kwafi ne. A makarantar allo, malam kan gyara wa almajiri rubutu ya biya masa, amma ba a wanke allon sai yaro ya kawo karatun da ka. Haka ya kamata gyaran lissafi ya kasance: bayan kwana biyu ko uku, a rufe littafi, a sake tambayar daga farko a sabuwar takarda, sannan a canza lambobin a sake gwadawa. In ta ƙi, a je wurin malam da tambaya takamaimai. "Malam, ban gane ba" ba ta ba shi abin kamawa. "Malam, me ya sa alamar ta juya a layi na uku?" minti ɗaya ya ishe shi amsa ta.

Gaskiya ne malamin da ke fama da aji cike maƙil ba zai iya rubuta wa kowa bayani ba. Amma yana iya tsamo kurakurai biyu ko uku da suka fi yawa ya buɗe darasi na gaba da su. WAEC ma haka take yi: tana fitar da rahoton babban mai duba jarrabawa kan kowane darasi, mai zayyana inda ɗalibai suka fi rauni, kuma ana samunsa a shafinta na intanet.

Iyaye kuma, ko ba ku san aljabara ba kuna da rawar takawa. Idan yaro ya dawo da littafinsa, bayan "nawa ka ci?" ku ƙara da "nuna mini inda ka kuskure, ka sake yi a gabana."