Kafin Ki Sayi Abin Askin Shinge

A wannan mako zancen shinge za mu yi, da abin da ake yi masa aski da shi. Na san wata za ta ce ai wannan aikin maza ne, ko kuwa na masu kula da lambu a gidajen manyan ma'aikata. To, bari ki ji abin da ya jawo maganar tukuna.

Shekara uku ke nan da aka ba mu gida a unguwar malamai. Gidan ba shi da katanga ta baya, sai shingen lalle wanda wani da ya zauna kafinmu ya dasa. Sa'ad da muka tare, lallen ya fi ni tsawo, kansa ya yi cunkus, amma gindinsa babu ganye ko ɗaya, sai sanduna tsirara. Awakin maƙwabta ta nan suke shigowa su cinye mini alayyafo, mai wucewa kuma yana hango ni ina wanke-wanke a tsakar gida, har na koma yin aikin gida da mayafi. Maigida ya ɗauki adda ya sassare shi, rassan suka tsattsage, da yawansu suka bushe. Da ya ga haka sai ya tafi kasuwa ya sayo injin aski mai aiki da lantarki a wurin masu kayan gwanjo, yana ta murna ya samu da araha. Muka jona shi, ya yi ƙara na ɗan lokaci, sai muka ji ƙauri, hayaƙi ya tashi. Mai gyara ne ya nuna mana ɗan rubutun da ke jikinsa, 120V. Watau don Amurka aka ƙera shi, alhali wutar ƙasarmu 230V ce. Kuɗin cefanen kusan mako biyu ke nan suka tafi. Ban ce masa araha ba ta ado ba, amma na faɗa a zuciyata.

Tun daga ranar na ɗauki aikin shingen nan a hannuna, kuma abin da na koya shi ne zan gaya miki.

Kafin ki tambayi kuɗin kome, ki fita ki dubi shingenki. Ki taka shi ki ƙirga taku nawa ne, sa'an nan ki duba kaurin rassan da za ki riƙa yankewa. Nawa taku ashirin da biyu ne, rassansa sababbi kuwa ba su kai kaurin fensir ba. Shinge irin wannan ba ya bukatar inji ko kaɗan. Almakashin hannu, irin babban nan mai dogon baki da ƙota biyu, ya ishe shi, cikin awa guda da 'yan mintoci na gama. Yawancin gidajenmu haka suke, ko lalle ne, ko ƙananan dogonyaro da aka dasa a jere, ko irin fulawar nan mai ɗorawar ganye da ake jerawa a bakin ƙofa.

Sai dai almakashi suna suka tara, kuma a nan ne ake cutar mata. In kin je saye kada ki bar shi a cikin ledarsa. Ki ce a buɗe, ki riƙe shi da hannu biyu ki miƙa shi gabanki daidai ƙirji, ki ƙirga har talatin. In kafaɗarki ta fara nauyi, ajiye shi, domin aikin awa guda za ki yi da shi a haka. Mai kyau bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Sa'an nan ki ɗaga shi wajen haske ki rufe shi a hankali. Bakunan nan biyu su riƙa gogar juna tun daga gindi har tsini. In kin hango haske a tsakaninsu, to tauna reshe zai riƙa yi maimakon ya yanke. Ni da 'yar takarda nake tafiya a jaka, in sa a yanka ta a gabana a gindin bakin da kuma a tsininsa. Mai kaya zai yi miki dariya, ki ƙyale shi.

Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne wurin da bakunan suka haɗu. Ki nemi wanda aka ɗaure da noti, domin in ya yi sako-sako za ki ɗaure shi da sifana, in kuma za a wasa shi sai a kwance. Wanda aka daddage da ƙusa ba ya kwantuwa, ranar da ya saki shi ke nan. Ki duba kuma ko akwai 'yar roba a tsakanin ƙotocin, wadda ke tare su in sun haɗu. In babu ita, duk yankan da kika yi sai kin ji bugun a wuyan hannunki, da dare kuwa tuƙin tuwo zai gagare ki. Game da ƙota, ni na fi son ta katako, don in ta karye kafinta zai sa miki wata, ta roba kuwa rana tana cinye ta ta farfashe. Akwai masu miƙaƙƙen baki, akwai masu baki kamar tafiyar maciji. Na biyun yana riƙe reshe kada ya zame, amma wasa shi sai gwani. Miƙaƙƙen ko ke da kanki kina iya wasa shi da magagari, ki bi gefen da aka karkatar kaɗai, kada ki taɓa cikin da yake shafe.

Reshen da ya wuce kaurin ƙaramin yatsanki ba na almakashi ba ne. Wannan sai zarto ko adda mai kaifi, a sare shi a karkace sara ɗaya. Da yawa almakashi ke lalacewa saboda an tilasta masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuwa yara sun ɗauka sun yanka waya da shi.

To, injin fa? Ba na hana shi. In gidanku babba ne, shinge ya kewaye shi ta kowane gefe, ko kuwa makaranta ce mai dogon shinge, inji yana rage wahala ƙwarai. Iri uku ne. Mai waya shi ne ya fi sauƙin kuɗi, nauyinsa kamar kilo 3 ko 4, amma sai da wuta, ke kuwa kin san halin wutar da har yanzu muke kira ta NEPA. Ga kuma wayar tana jan ƙasa a bayanki, in kin yi sakaci ki yanke ta da kanki. Mai fetur yana da ƙarfi, amma yakan kai kilo 5 ko fiye, ga ƙara ga hayaƙi, kuma yawancinsu sai an gauraya fetur da man inji na musamman. A injunan Stihl, misali, lita 5 ta fetur ana zuba mata mililita 100 na mai, wanda ya zuba fetur zalla kuwa ya kashe injin. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ban ga dalilin da mai ƙaramin gida za ta ɗora wa kanta wannan ba.

Mai batir shi ne ya fi dacewa da mace in dai lalle sai an sayi inji. Ba shi da waya, ba shi da ƙara sosai, ana kuma iya cajinsa da janareto ko wutar sola. Kamfanoni irin su Makita da Bosch suna yin masu batir 18V, kuma caji ɗaya yakan yi kamar rabin awa zuwa awa guda. Amma ki tambaya da kyau, domin sau da yawa kuɗin da aka faɗa miki na injin ne kaɗai, batir da abin caji daban ake sayar da su, batirin wani kamfani kuwa galibi ba ya shiga injin wani. Ki duba abin cajin ki ga 220V ko 230V, kada ki faɗa ramin da muka faɗa. Batirin kuma ba ya son zafi. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kada a bar shi a rana ko a cikin mota. Kowane iri kika zaɓa, ki dubi ratar da ke tsakanin haƙoransa, don reshen da bai shiga ratar ba, ba zai yanku ba. Baki mai tsawon inci 18 ya isa aikin gida, wanda ya fi haka nauyi kawai zai ƙara miki. Kuma lalle ya zama irin wanda ba ya tashi sai an danna shi da hannu biyu, in an saki ɗaya ya tsaya.

Akwai wata magana da ba za ki same ta a takardar da ke cikin kwalin ba, ita ce ta tufafinmu. Kada ki kusanci injin nan da gyale ko dogon hijabi yana lilo a gabanki. Haƙoran suna iya cafke bakin mayafi kafin ki ankara. Ki ɗaure zanenki tamau, ki yi ɗaurin kallabi, ki sa takalmi mai rufi, goyo kuwa a sauke shi a ba wata. 'Yan makaranta, ku almakashin hannu kaɗai na yarda ku taɓa, shi ma sai da babba a kusa. A ajinmu ba na barin yarinya biyu su yi aiki a kan shinge ɗaya suna fuskantar juna, don mai yanka ba ta ganin hannun da ke ɗaya gefen.

Kafin ki fara, ki sa doguwar sanda ki bubbuga gindin shingen, saboda maciji da rina. Ki leƙa kuma ko akwai sheƙar tsuntsu mai ƙwai. Tsohon lalle yana da ƙaya, don haka safar hannu tana da amfani. In shingenki bini da zugu ne, ruwansa yana ɓata tufa, 'ya'yansa kuwa guba ne, kada a bar su a ƙasa yara su tsinta. Nonon ƙerana da danginta in ya faɗa ido abin asibiti ne, a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi. Irin waɗannan ni ba na sa musu inji, domin fantsama yake yi.

Shi kansa askin, kuskuren da ya tsiraita gindin lallenmu shi ne an bar kansa ya fi gindinsa faɗi, ya hana rana kaiwa ƙasa. Shinge kamar dala ake so ya zama, ƙasa da faɗi sama a tsuke. Nakan kafa turaku biyu in ɗaura igiya a tsawon da nake so, in fara daga ƙasa in yi sama, kan kuwa shi ne na ƙarshe. Babban aski a farkon damina ake yinsa, sa'ad da itace ke shirin tohowa, sa'an nan a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan har ruwa ya ɗauke. A tsakiyar bazara ba na taɓa shi. Namu da farko sai da muka datse shi ya dawo daidai ƙugu, na yi wata biyu ina zaman ɗaki don kunyar masu wucewa, amma kafin kaka ya tsatso tun daga gindi, bana ko kaza ba ta samun hanya.

In kin gama, ki goge danƙon da ya maƙale a bakin almakashin da tsumma da ɗan kananzir, ki shafa masa mai, ki rataye shi inda yaro ba ya kaiwa. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta cinye wanda aka yar a bayan ɗaki. Amma in lalle za ki yanka, ki wanke kananzirin da sabulu tukuna, ki shafa ɗan man gyaɗa a madadinsa, domin ganyen nan a ƙafarki zai kwana. Ni ba na zubar da ko reshe ɗaya. A kan tabarma nake shanya su a inuwa, in sun bushe in kakkaɓe ganyen, in daka, in tankaɗe, in zuba a gwangwani mai murfi. Na askin farkon damina da shi muka yi ƙunshin bikin ƙanwar maigida, har na aika wa Inna da sauran a ƙauye.