Sanƙarau a Zamfara: Wa Allura Ta Fara Iskewa?

Shirinmu na musamman na yau zai koma da mu bazarar 2017, shekarar da sanƙarau ya yi wa Zamfara mummunar ɓarna.

A ƙaramar hukumar Zurmi cutar ta ɓulla a ƙarshen 2016. Yara na kwanciya da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu an kai wasu makwanci. Amma sai cikin Fabrairu labarin ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Kafin a shawo kanta a watan Yuni, an lissafa mutum sama da dubu 14 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 1,100 sun rasu, kuma babu jihar da ta kai Zamfara jin jiki. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14.

Mutane da yawa sun yi mamaki, domin ba a daɗe da yi wa arewa rigakafin sanƙarau ba. Gaskiya ne, an yi. Sai dai allurar MenAfriVac nau'in A kawai take karewa, wanda ya zo a 2017 kuwa nau'in C ne. A lokacin allurarsa tana da tsada, kuma kamfanoni ba sa yin ta da yawa, tunda masu buƙatarta a ƙasashen Sahel ba masu kuɗi ba ne. Da aka nemi agaji daga rumbun gaggawa na duniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta ke kula da shi, allura dubu 500 aka fara samowa, aka raba tsakanin Katsina da Zamfara, jihar da mutanenta suka haura miliyan huɗu. A watan Afrilu aka soma yi, 'yan shekara 2 zuwa 29 kaɗai.

A nan maganar adalci ta taso. Idan allura ba ta isa kowa ba, dole a zaɓa, kuma ƙa'ida ita ce a fara da mazaɓun da alƙaluma suka nuna cutar ta fi tsanani. To amma alƙaluma daga asibiti suke fitowa. Mazaunin Gusau yana da Asibitin Yariman Bakura da Cibiyar Lafiya ta Tarayya kusa da shi. Ɗansa zai shiga lissafi. Uwar da ke wani ƙauye can bayan Tsafe ko Bungudu, wadda sai ta samu kuɗin mashin ta kuma jira gari ya waye saboda tsoron 'yan bindiga, sau da yawa ɗanta kan cika a gida, ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Ƙauyen da bai bayyana a takarda ba kuwa, shi ake mantawa da shi ranar rabo.

Ana cikin wannan hali ne gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa manema labarai cewa annobar horo ce daga Allah saboda zinace-zinacen jama'a. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya fito fili ya ƙi wannan magana, ya ce a nemo allura. Babu musulmin da ke musun ƙaddara. Amma Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, bai ɗauki hakan saɓa wa tawakkali ba. Ɗora laifi a kan iyayen da suka binne yara ƙanana ƙarin ciwo ne, kuma yana kau da ido daga tambayar da ta dace: me ya sa aka yi makonni kafin a san abin da ke kashe su?

Akwai kuma tsohon tabo. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Magidancin da ya ɓoye ɗansa ranar rigakafi, wani lokaci wannan labarin ne a ransa, kuma bayani yake buƙata cikin harshensa, daga bakin wanda ya yarda da shi.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda, har da C. Ci gaba ne babba. Sai dai allurar tana buƙatar sanyi, da ma'aikaci, da hanyar da zai bi lafiya, alhali a ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu rashin tsaro ya sa ƙananan asibitoci sun zama kufai, mazauna wasunsu ma suna gudun hijira a Gusau.