Fim ɗin iyali

Fim ɗin iyali wani nau'in fim ne da ake shiryawa domin yara da manya su zauna su kalla tare. Ya bambanta da fim ɗin yara zalla, wanda ake yi wa ƙananan yara kaɗai ba tare da an yi la'akari da babban da ke zaune kusa da su ba. Yawancin fina-finan iyali na wannan zamani zane ne mai motsi, wato katun, amma akwai waɗanda mutane suke fitowa a ciki. Tun daga shekarar 2020 yawancin masu kallo suna fara cin karo da sababbin fina-finan wannan nau'i a gida, ta dandalin kallon fim na intanet, lamarin da ya mayar da aikin tantance abin da yaro zai gani daga ƙofar sinima zuwa hannun iyaye.

Siffofi

Babbar alamar fim ɗin iyali ita ce yin magana da masu kallo iri biyu a lokaci guda. Yaro yana bin labarin da launuka da waƙoƙi da barkwancin motsi, shi kuwa babba yana kama habaici da wasa da kalmomi da jigogi irin su tarbiyya, tsufa da rabuwa. Labarin yakan kasance miƙaƙƙe, ana gane jarumi da abokin gaba da wuri, kuma yawanci ba ya kaiwa awa biyu. Ana guje wa batsa da ashar da zubar da jini a fili. Duk da haka, nau'in ba ya guje wa baƙin ciki. Mutuwar uwar barewa a Bambi (1942) da mutuwar Mufasa a The Lion King (1994) suna cikin fitattun misalan da ake kawowa na yadda irin waɗannan fina-finai suke gabatar wa yara batun rashi.

Tarihi

Kamfanin Walt Disney ya fitar da Snow White and the Seven Dwarfs a shekarar 1937, kuma nasarar da ya samu ta nuna cewa dogon fim na zane zai iya cika sinima da manya da yara. A wancan lokaci masana'antar Hollywood tana aiki da wata ƙa'ida da ake kira Hays Code, wadda aka fara tilasta ta sosai a 1934. Ƙa'idar ta sa kusan kowane fim ya zama wanda kowa zai iya shiga ya kalla. Sai bayan da aka soke ta a 1968 fim ɗin iyali ya fito fili a matsayin rukuni mai zaman kansa, domin daga nan ne aka fara raba fina-finai bisa shekarun mai kallo.

Talabijin ce ta fara shigar da fim cikin gida. An nuna The Wizard of Oz na 1939 a tashar CBS ta Amurka a 1956, daga baya nuna shi ya zama al'adar shekara-shekara. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma fina-finan iyali suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa, saboda yaro ba ya gajiya da maimaita fim ɗaya. Kaset ɗin The Lion King da ya fita a 1995 ya sayu fiye da kwafi miliyan 30. A shekarar ce kuma kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta. Faifan DVD ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Netflix ya fara nuna fim ta intanet a 2007, ya isa Najeriya da wasu ƙasashe da yawa a watan Janairun 2016, shi kuwa Disney+ an buɗe shi a ranar 12 ga watan Nuwamba, 2019.

Sauyin shekarar 2020

Kafin annobar korona, al'adar manyan kamfanonin Amurka ita ce fim ya yi kusan kwana 90 a sinima kafin a sake shi don kallon gida. Da aka rufe gidajen sinima, kamfanin Universal ya saki Trolls World Tour a ranar 10 ga watan Afrilu, 2020 a matsayin haya ta intanet kan kusan dala 20. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 100 cikin mako uku. Wannan ya jawo saɓani tsakanin Universal da kamfanin gidajen sinima na AMC, har suka sasanta a watan Yulin shekarar a kan cewa za a iya sakin fim don kallon gida bayan kwana 17 kacal.

Disney ma ya bi sahu. Fina-finan Pixar guda uku a jere, wato Soul (2020), Luca (2021) da Turning Red (2022), sun tafi kai tsaye zuwa Disney+ a ƙasashen da dandalin yake aiki. Encanto ya shiga sinima a ranar 24 ga watan Nuwamba, 2021, bayan wata ɗaya aka saka shi a dandalin, kuma a nan ne ya fi yin tashe, har ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ta hau matsayi na farko a jadawalin Billboard a farkon 2022. Bayan annobar an koma sinima, sai dai tazarar da ke tsakanin sinima da gida ba ta koma yadda take a da ba.

Wasu fina-finai na baya-bayan nan

Inside Out 2 (2024), na kamfanin Pixar, wanda Kelsey Mann ya ba da umarni. Yana bin wata yarinya mai suna Riley da ta kai shekara 13, inda aka siffanta abubuwan da take ji a zuciya kamar mutane. A wannan kashi Fargaba da Ƙyashi da Gundura da Kunya sun shigo sun tarar da Farin Ciki da sauran. Ya tara fiye da dala biliyan 1.6 a sinima, sannan aka saka shi a Disney+ a watan Satumban 2024.

The Wild Robot (2024), na kamfanin DreamWorks, wanda Chris Sanders ya ba da umarni, an ciro shi daga littafin Peter Brown na 2016. Labarin wani mutum-mutumi ne mai suna Roz da ya tsinci kansa a tsibirin da babu ɗan Adam, ya kuma ɗauki renon wani marayan ɗan dinya. Lupita Nyong'o ce ta yi muryar Roz.

Flow (2024), daga ƙasar Latbiya, wanda Gints Zilbalodis ya ba da umarni. Babu magana ko ɗaya a cikinsa. Wata baƙar kyanwa ce ambaliya ta raba da muhallinta, ta shiga kwalekwale tare da wasu dabbobi. An zana shi da Blender, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, kuma ya ci lambar Oscar ta fim ɗin zane mai motsi a 2025, wadda ita ce ta farko ga Latbiya.

Wallace & Gromit: Vengeance Most Fowl (2024), na kamfanin Aardman da ke Ingila. An yi shi da siffofin da aka murza da hannu, ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. An nuna shi a tashar BBC One ranar Kirsimeti ta 2024, sannan Netflix ya sake shi a sauran duniya a watan Janairun 2025. Shi ne ya fara cin lambar fim ɗin yara da iyali da hukumar BAFTA ta ƙirƙiro a 2025.

KPop Demon Hunters (2025), na kamfanin Sony Pictures Animation, wanda Maggie Kang da Chris Appelhans suka ba da umarni. 'Yan mata uku ne mawaƙa da suke yaƙi da aljanu a ɓoye. Ya fita a Netflix a watan Yunin 2025, kuma kafin ƙarshen Agusta ya zama fim ɗin da aka fi kallo a tarihin dandalin.

Daga nahiyar Afirka, akwai The Boy Who Harnessed the Wind (2019) wanda Chiwetel Ejiofor ya ba da umarni, a kan William Kamkwamba na ƙasar Malawi da ya ƙera injin iska don jawo ruwa a lokacin yunwa. Akwai kuma Iwájú (2024), shiri mai kashi 6 da Disney ya yi tare da kamfanin Kugali, wanda ke faruwa a birnin Legas na nan gaba.

Alamomin shekaru

Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke sa wa fim alamar shekaru. A Amurka tsarin ya fara aiki a ranar 1 ga watan Nuwamba, 1968. Alamar G tana nufin kowa zai iya kallo, PG kuma tana nufin ana son iyaye su sa ido. An ƙara PG-13 a 1984 bayan iyaye sun koka da abubuwan ban tsoro da ke cikin Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda dukansu aka ba su PG. A 'yan shekarun nan alamar G ta yi ƙaranci a manyan fina-finai, yawancin fina-finan iyali PG suke ɗauka.

A Birtaniya hukumar BBFC, wadda aka kafa a 1912, tana amfani da U ga abin da ya dace da yaro ɗan shekara 4 zuwa sama, sai PG ga abin da ba a sa ran zai tayar da hankalin ɗan shekara 8, sai 12A da aka shigo da ita a 2002. A Najeriya hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa da doka a 1993, tana da alamomi da suka haɗa da G, PG, 12, 12A, 15 da 18. Jihar Kano tana da tata hukumar tace fina-finai tun 2001.

Iyakar alamomin

Alamar shekaru tana auna fim da ma'aunin al'ummar da ta sa ta, a lokacin da aka sa ta. Ma'aunin yana sauyawa. A 2024 hukumar BBFC ta ɗaga Mary Poppins na 1964 daga U zuwa PG saboda wata kalma ta ƙasƙanci da ke cikinsa. Yana kuma bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Lightyear (2022) ya samu PG a Amurka, amma ƙasashe fiye da goma, akasarinsu a Gabas ta Tsakiya da Asiya, ba su bari an nuna shi ba saboda wata fitowa da mata biyu suka sumbaci juna. Haka nan fim zai iya tsallake ma'aunin batsa da tashin hankali, amma ya ƙunshi abin da ya shafi aƙida, kamar yadda Coco (2017) ya ginu a kan bikin tunawa da matattu na ƙasar Meziko, Soul kuma ya yi nasa hasashe a kan rai kafin haihuwa da bayan mutuwa.

A sinima akwai mai sayar da tikiti da zai iya hana yaro shiga. A gida babu shi, kuma wayar da babba yake kallo da ita sau da yawa ita ce take shiga hannun yaro. Shi ya sa manyan dandalin kallo suka samar da shafin yara na musamman da lambar sirri ta kulle wasu fina-finai, YouTube kuma ya fito da YouTube Kids a 2015. Ƙungiyoyi irin su Common Sense Media, wadda aka kafa a Amurka a 2003, suna wallafa bayanin abin da kowane fim ya ƙunsa dalla-dalla domin iyaye su yanke hukunci da kansu. Game da tsawon lokacin kallo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, kuma 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana.

Harshe da fassara

Ƙaramin yaro ba ya iya bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, don haka fina-finan iyali sun fi kowane nau'i dogaro da ɗora murya a wani harshe. Aikin yana da wuya, saboda dole kalmomin su dace da motsin baki, waƙoƙin su hau karin kiɗan, sannan a nemo madadin wasa da kalmomin da ba ya fassaruwa. An ɗora wa The Lion King murya da harshen Zulu a 1994, an kuma fassara Moana (2016) zuwa harsunan Tahiti da Mawori da Hawai, wato harsunan yankin da labarin ya fito. Fim marar magana kamar Flow ba ya buƙatar wannan aiki ko kaɗan.

A ƙasar Hausa kallon fim a gida ya daɗe da kafuwa. Masana'antar Kannywood ta taso ne a kan kaset ɗin bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, kuma gida ne babbar kasuwarta domin mata da yawa ba sa zuwa sinima. Daga baya kamfanoni irin su Algaita suka shahara da ɗora wa fina-finan Indiya muryar Hausa, yayin da tashar Arewa24 da shafukan YouTube suka mayar da shirye-shirye masu dogon zango abin kallon dukan gida.